Ciwon suga da zuciya: abubuwan da ya kamata ka sani

Ɗan uwanmu da ya shekara talatin a kan benci yana ciniki, a Ama Hausa ta Inugu ko bakin gadar Anacha, idan suga ya kama shi, ƙafa da ido yake wa tsoro. Ba kasafai yake tuna zuciya ba, alhali can ɓarnar ke tafiya shiru.

Tartsatsi a cikin tsoka

Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana da ƙananan murahu, maitokondiriya, masu ƙona abinci da iskar oksijin. Murhu ba ya rasa tartsatsi, jiki kuma yana da 'yan kwana-kwanansa, wasu sinadarai masu kashe shi nan take. Idan suga ya yi yawa a jini, tartsatsin sai ya fi ƙarfinsu, kamar yadda mai bincike Michael Brownlee ya bayyana a 2001. Tsokar ta riƙa ƙuna kaɗan-kaɗan, ta yi tabo, ta sandare, ta kasa saki ta cika da jini. Tun 1972 mai bincike Shirley Rubler ta ga haka a zukatan masu suga waɗanda jijiyoyin zuciyarsu ba su toshe ba.

Rawar da homon ke takawa

Insulin ne kan gaba: idan jiki ya daina jin maganarsa, zuciya ta koma ƙona kitse, tartsatsi ya ƙaru. Anjiyotensin, mai hawar da jini, shi ma yana hura wutar, haka homon ɗin fargaba da rashin barci. Istirojin na mata yana ba da kariya, amma suga na karya ta. Binciken Framingham a Amurka ya nuna a 1974 cewa suga na ninka haɗarin gazawar zuciya sau biyu ga maza, sau biyar ga mata. Wannan adadi yana damuna, domin iyayenmu mata ne suka fi zama cikin gida ba tare da yawan tafiya ba.

Me tafiya ke yi?

Motsa jiki shi kansa yana tayar da ɗan tartsatsi, kuma wannan ne ke sa jiki ƙara 'yan kwana-kwana. Tsoka mai aiki tana jan suga ko insulin ya yi rauni. A 2009 mai bincike Michael Ristow ya ga cewa ƙwayoyin bitamin C da E masu yawa sun toshe wannan amfani a samarin da ya gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri ta wadatar.

Kafin ka fara

Suga na iya kashe jin ciwon ƙirji, don haka likita ya fara duba ka, a asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla ko na Fatakwal ko mafi kusa. Mai allurar insulin ya riƙe dabino a aljihu, ko da suga zai faɗi. Sa takalmi rufaffe, ka duba ƙafarka in ka dawo. A Fatakwal kuwa, inda baƙar toka ta fara damun mutane a 2016, ka guji fita ranar da ta yi kauri.