Ina Alamar Ragin Ta Shiga?

Bayan sallar isha'i 'yar ƙanwata ta ajiye littafinta a kan tabarma, idonta taf da hawaye. Tambayoyi uku, jan biro ya soke duka. Ta farkon ce ta fi ci mata rai: 2⁻³. Ita −8 ta rubuta.

"Kawu, biyu sau biyu sau biyu ai takwas ne, ga kuma alamar ragi. Ina kuskurena?"

Na danna a kalkuletar waya, sai ga 0.125. Babu takwas, babu alamar ragi. Abin da take jira a ƙasa da sifiri ya tsaya sama da shi kaɗan.

Ban karanto mata doka ba, domin hadda ba fahimta ce ta kai ta ga wannan. Na ce ta jera 2³, 2², 2¹, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ta sa 8, 4, 2. Na tambaye ta me ke faruwa duk sadda ƙaramar lambar saman nan ta ragu da ɗaya.

"Rabawa biyu ake yi."

"To ci gaba da sauka."

Rabin biyu ɗaya ne, 2⁰ ke nan. Nan ta ɗan yi turus, don sifiri ta zata. Ta ƙara taku: 2⁻¹ rabi, 2⁻² kwata, 2⁻³ ɗaya bisa takwas. Ta raba 1 da 8 a gefen takarda, 0.125 ya fito. Ashe takwas ɗinta yana nan, ƙasan layi ya koma. Alamar ragi idan ta hau sama ba bashi take nufi ba. Cewa take yi a raba, kamar yadda lambar da ba ta da ita ke cewa a ninka.

Wannan jeri ba sabo ba ne. A ƙarni na 12, a Bagadaza, As-Samaw'al yana ɗan shekara 19 ya zana irinsa a littafinsa Al-Bahir: ɗaya a tsakiya, ninki a gefe guda, juzu'i a ɗaya gefen. Salon rubutun da muke amfani da shi yau kuwa yana cikin wasiƙar Newton ta 1676.

Da murnarta yarinyar ta koma kan tambaya ta biyu, 3x⁻², ta gyara zuwa 1/(3x²). Amma amsar malami 3/x² ce. Sabon cikas! Na ce mu kira shaida: a ɗauki x a matsayin 2. x⁻² kwata ne, uku sau kwata kuwa 3/4. Tata amsar 1/12 ta bayar, ta malami 3/4. Ta ƙura wa tambayar ido, can ta ɗora yatsa a kan x.

"A kansa kaɗai alamar take zaune. Ukun ba ruwansa."

Haka ne. Da an rufe su cikin baka biyu, (3x)⁻², da tare za su sauka, a sami 1/(9x²). A ganina nan ɗalibai suka fi zubar da maki, ba a dokar kanta ba.

Ta ukun, 4x⁻²/x⁻⁵, ban sa mata baki ba. Ta saukar da x⁻² ya zama x² a ƙasa, sai ta tsaya a kan x⁻⁵, wanda dama a ƙasan yake. Ina zai je? Ta sake kiran shaidarta: idan x biyu ne, x⁻⁵ ɗaya bisa 32 ne. Guntu nawa irin wannan ke cikin ɗaya? 32. Wato rabawa da shi ninkawa ce, don haka sama zai hau. Ta rubuta 4x⁵/x², ta soke biyu daga biyar, saura 4x³. Ta gwada: huɗu sau kwata ɗaya ne, a raba da 1/32 a sami 32, huɗu sau takwas ma 32.

Ta jawo rularta daga jaka, ta nuna mini ƙaramin zanen milimita.

"Kawu, wannan ɗaya bisa dubun mita ne. Ke nan 10⁻³?"