Soundview: a kai maganin damuwar yara cikin unguwa

A ranar 31 ga Oktoba 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar da ta nemi a rage tara masu taɓin hankali a manyan asibitoci nesa da danginsu, a gina musu cibiyoyi cikin unguwanni. Daga cikin waɗanda suka tashi a kan wannan turba akwai cibiyar Soundview-Throgs Neck da aka kafa a Bronx, a ƙarƙashin kwalejin likitanci ta Albert Einstein.

Soundview unguwar masu ƙaramin ƙarfi ce, inda baƙaƙen Amurka da 'yan Latin ke zaune tare da baƙi daga Afirka ta Yamma. A nan ne 'yan sanda suka buɗe wa Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, wuta da harsashi 41 a Fabrairun 1999. A nan ne kuma ɗan siyasa Pedro Espada ya ci amanar asibitocin al'umma da shi da kansa ya kafa, har kotu ta same shi da laifin wawure kuɗinsu a 2012. Mutanen da suka ga haka ba za su miƙa ɗansu ga hukuma da sauƙi ba.

Taimako kam akwai shi. Tun Yulin 2022 ana iya kiran layin agajin gaggawa na 988 dare da rana, kuma daga Nuwambar 2023 shirin Teenspace yana haɗa 'yan shekara 13 zuwa 17 da masu ba da shawara ta waya, kyauta. Asibitin Montefiore na da ɗakunan shan magani a makarantu da dama na Bronx.

Amma a ganina, tsoro ne babban shinge. Uwa na ganin ɗanta ya daina barci, ya daina magana, sai ta ce iska ce ko sammu, ta nufi malam a yi masa ruƙiyya. Tana kuma fargabar in ta buɗe baki a makaranta, hukumar kare yara ta ACS ta raba ta da yaron. Ba raina ta ya kamata a yi ba. Malamin da ta amince da shi ya dace ya san lokacin da zai ce, "Hajiya, mu ci gaba da addu'a, amma a kai shi wurin likita."

Don haka ina kira ga limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na Bronx su gayyato likitocin ƙwaƙwalwa masallaci, su nemi a tanadi tafinta na Hausa da Fulatanci, a kuma fayyace wa iyaye haƙƙinsu tun kafin matsala ta taso.