Dhyan Chand, Gwanin Ƙwallon Gora na Indiya

A shirinmu na yau za mu kawo muku tarihin wani taliki, Dhyan Chand, wanda aka haifa a birnin Allahabad a shekarar 1905, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, a zamanin da Indiya ke ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma a bariki ne ya laƙanci ƙwallon gora har ya gagari sa'o'insa.

Sau uku ya halarci gasar Olamfik, sau uku kuma ƙasarsa ta komo da zinariya. A Amsterdam, cikin 1928, shi kaɗai ya jefa ƙwallo 14, alhali ba a jefa wa Indiya ko guda ba. A Los Angeles kuwa, cikin 1932, shi da ƙanensa Roop Singh suka haɗu a kan Amurka, aka tashi 24 da 1. Abin lura, Ingila, wadda ita ta kai wasan Indiya, ba ta aiko da 'yan wasanta ba duk tsawon waɗannan shekaru.

Amma waƙi'ar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta Balin, cikin 1936, lokacin da aka ɗora masa shugabancin tawaga. Tun kafin a buɗe gasa Jamusawa suka doke su 4 da 1 a wasan gwaji, hankalinsu ya tashi ainun, har aka aika gida da gaggawa aka ɗauko wani ɗan wasa, Ali Dara, a jirgin sama domin ya ƙarfafa su. Ran 15 ga Agusta, da suka sake gamuwa a wasan ƙarshe, bisa filin da ruwa ya jiƙa, aka tafi hutu Indiya na da ɗaya tak. Da aka komo, sai Dhyan Chand, wanda ya yi karo da mai tsaron gida har ya rasa haƙori, ya tuɓe takalmansa masu ƙusa domin ƙafa ta yi sauƙi, ya dinga ratsa Jamusawa da gajeren miƙo, ƙwallo na manne da gorarsa, har aka tashi 8 da 1. Labarin da ake yayatawa cewa Hitila ya yi masa tayin muƙami a rundunar Jamus kuwa, riwaya ce mai raunin isnadi, hazaƙar mutumin ba ta bukatarta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya haɗiye gasar 1940 da ta 1944, ya haɗiye sauran ƙuruciyarsa tare da su. Sa'ad da aka sake taruwa a Landan cikin 1948 an riga an raba Indiya biyu, Ali Dara na shugabantar tawagar Pakistan, Dhyan Chand kuwa bai je ba. Ya bar soja a 1956 da muƙamin Manjo, ya rasu a Delhi cikin 1979.