Sayen tsohon jirgin su: wanne ne zai tsaya idan ruwa ya tashi?

Daga nan garin Bauchi, shirinmu na musamman na yau zai leƙa bakin ruwa ne. Wani zai ce ina Bauchi ina jirgin ruwa, garin da duwatsu suka kewaye? To, ga madatsar Gubi nan arewa da gari, wadda muke shan ruwanta, ga tafkin Maladumba a ƙasar Misau, ga kogin Gongola da madatsar Dadin Kowa a Gombe, sannan akwai masu tafiya su har Kainji da Tafkin Chadi neman giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa. Sabon jirgi da sabon inji sun fi ƙarfin yawancin masunta, don haka na hannu ake saye. Abin da shirin nan zai kafa hujja a kai shi ne, wanda ke son jirgin da zai jure ruwa mai fushi ya zuba kuɗinsa da idonsa a kan gangar jikin jirgin, inji ya biyo baya.

Mu fara da ruwan kansa. Girman igiyar ruwa ya danganta da ƙarfin iska, da daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da kuma faɗin filin ruwan da ta samu ta bi ba tare da wani abu ya tare ta ba. Shi ya sa tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968 kuma tsawonsa ya haura kilomita 100, yake tayar da igiyar da ƙaramin kogi ba ya yi. Amma ƙaramar madatsa ma ba abar raini ba ce. A ruwa maras zurfi igiyar takan zo gajera, a tsaye, ɗaya na bin ɗaya kusa da kusa, jirgi bai gama sauka daga ta farko ba ta biyu ta doke shi. Hadarin farkon damina kuwa, wanda ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa, ba ya ba masunci lokacin naɗe koma. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, jirgi ya kife da mutane, aka ciro gawa 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Ruwan madatsa ne irin namu, kuma abin da aka ɗora wa laifi shi ne lodi fiye da kima.

Lodi yana kashewa ne saboda yana cinye tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da saman ruwa, kuma wannan tazara ita ce abu na farko da mai saye zai auna. Jirgi fayau a bakin gaɓa yana yaudarar ido. A sa masa inji, da jarkar mai, da jiƙaƙƙiyar koma, da mutanen da za su yi aiki a ciki, sa'annan a duba abin da ya rage. Kowace lita ta ruwan da ya fantsamo ciki kilo ɗaya ce, kuma ruwan cikin jirgi ba ya zama wuri guda: jirgi na karkata sai ya gangara can gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danne shi. Bayan tazara sai siffa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi yana da daɗin tsayuwa a kai lokacin jefa birgi, yana kuma shiga ruwan da bai kai gwiwa ba, amma idan igiya ta taso sai ya riƙa faɗawa a kanta da ƙarfi, kowane bugu yana sassauta kusoshi. Wanda goshinsa ke da tsini da tsayi, gefensa ya buɗe zuwa sama, shi ke yanka igiya ya watsar da ruwan waje. Su ma jiragen faiba masu ƙyalli da Amurkawa ke ƙerawa don gasar kamun kifi a tafkuna, yawancinsu bakinsu kusa yake da ruwa, an yi su ne don gudu da tsayuwar mai ƙugiya. Kyansu ba hujja ba ne.

Sai lafiyar katako, kuma nan ne dillali ya fi ɓoye aibi. Sabuwar kwalta da sabon fenti a jikin tsohon jirgi dalili ne na ƙara bincike. A fito da shi tudu, a kifa shi, a bi mahaɗar alluna da tsinin wuƙa. Inda ƙarfe ya nutse cikin sauƙi, katakon ya ruɓe. Baƙin zobe kewaye da kan ƙusa alama ce tsatsa ta ci ta daga ciki. Maɗaci na jure ruwa shekaru, farin katako mai araha kuwa kwanansa kaɗan ne. A fi tsananta dubawa a allon baya inda ake ɗaura inji, domin shi ke ɗaukar nauyi da girgiza. Jirgin da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, a watan Mayun 2021, rabewa ya yi a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150 a ciki, kuma hukumomi sun ce tsoho ne, ga lodi.

Masu ganin inji ne kan gaba suna da hujjarsu: inji mai ƙarfin doki 40 zai tsere wa hadari ya kai gaɓa, mai doki 15 yana baya. Wani lokaci haka ne. Sai dai babban inji nauyi ne a wurin da jirgi ya fi rauni, yana dulmiyar da baya har igiyar da ta biyo ta haura ciki, kuma gudu a kan igiya shi ke tsaga tsohon katako. Ban da haka, inji abin sauyawa ne. Tsohon Yamaha ana samun makanikinsa da kayan gyaransa. A tabbatar dai yana fitar da ruwan sanyaya shi, kuma man giyarsa bai koma fari kamar nono ba, wanda ke nuna ruwa na shiga. Siffar jirgi kuwa ba makanikin da zai gyara ta.

Wasu kuma na cewa a bar katako gaba ɗaya a koma faiba, kuma wannan kira yakan yi ƙarfi bayan kowane hatsari. Faiba ba ta ruɓewa, gaskiya ne, amma ta fi ruwa nauyi. Idan ba a cusa soso mai hana nutsewa a cikin jikinta ba, ko sosan ya tsufa ya sha ruwa, jirgin da ya cika sai ƙasa, alhali kwale-kwalen katako ko ya cika yakan yi iyo har mutum ya samu abin riƙewa. Kuma allon bayan jiragen faiba da yawa katako ne aka lulluɓe, yana ruɓewa ba a gani. A kama ƙafar injin a jijjiga; in allon ya motsa, a bar cinikin.

Akwai mai cewa gwanin matuƙi ya fi jirgi, kuma rai na hannun Allah. Babu musu a kan ko ɗaya. Amma gwanintar Sarkawan Yawuri ta haɗa da sanin jirgin da ba a shiga, kuma hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta daɗe tana nanata sa rigar ruwa da barin tafiyar dare. Saboda haka kuɗin riguna da bokitin kwarfa suna cikin kuɗin jirgi. Kafin a biya, a nemi Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci na wurin ya faɗi tarihin jirgin, a bar shi ya kwana a ruwa a ga abin da ya tara zuwa safiya, sannan a gwada shi da cikakken lodi da yamma lokacin da iska ta motsa, kusa da gaɓa. In mai jirgin ya ƙi yarda da wannan gwaji, a nemi wani.