Injin yankan haki mai batir: a duba da kyau kafin a zuba kuɗi

Da damana ta sauka, daga Yuli zuwa Satumba, haki ya kan rufe garka da bayan gida da gefen shago, sauro da macizai su samu maɓoya. Shi ya sa wasu ke neman ɗan injin nan mai doguwar sanda wanda ke yanke haki da zaren roba mai juyawa. Wani Ba'amurke, George Ballas, ya ƙirƙiro shi a birnin Huston a 1971. Yau akwai mai batir, wanda ba ya shan fetur, ba ya hayaƙi, mace ma tana iya riƙe shi. Ga abin da muke ganin ya kamata mai saye ya lura da shi.

Batir shi ne rabin cinikin. Sau da yawa in an ga inji da araha, to, an cire batir da abin caji daga kwalin. A tambaya kafin a yi ciniki. Kada lambar da ke jiki ta ruɗe mu: 18V da 20V batir iri ɗaya ne, lissafin kamfanoni ne ya bambanta. Lambar Ah ita ke nuna daɗewa. Mai 2Ah ya kan yi minti 20 zuwa 30, ya isa tsakar gida; mai 4Ah ya ninka haka, amma ya fi nauyi. Batirin Makita ba ya shiga injin Bosch ko Ingco, don haka a ɗauki wanda ake samun batirinsa a kasuwar garinmu.

A duba abin caji. Kuran ƙasarmu 220V ne, na Amurka kuwa 120V. In ɗan gwanjo ne daga can, a karanta bayansa. In 120V kaɗai aka rubuta, ana sa shi a kuran zai ƙone. Batirin kuma ba ya son zafi. Kada a bar shi a rana ko ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, kuma a bari ya huce kafin a yi caji.

Sai nauyi. Na gida bai kamata ya wuce kilo 3 ba har da batir. A ɗaga shi a shago, a riƙe na ɗan lokaci, a ga ko sandar tana daidaituwa da tsawon mutum. Zare mai kaurin milimita 1,6 ya isa ɗanyen haki da ƙarangiya tun tana ƙarama. Tafasa in ta yi itace sai adda. Zaren yana ƙarewa, a tabbata mai shago yana da shi. In iskar hunturu ta busar da shi yana tsinkewa, a jiƙa shi cikin ruwa ya kwana.

Muna jan hankalin mata masu kiwon raguna: injin nan daddatsa haki yake yi, ba a samun dami. Mai son abincin dabba ko na kai wa kasuwa, lauje ya fi masa. Haka kuma zaren yana saɓe ɓawon ƙananan itatuwa. In ya zagaye gindin zogale ko mangwaro, itacen na iya mutuwa. A cire hakin gindinsu da hannu. Yana kuma harba tsakuwa: a sa tabarau da takalmi rufaffe, yara su matsa kamar mita 15.

Ƴan kasuwa masu shirin sarowa, ku haɗo da batir da zare, don wanda ya rasa su wajenku ba zai dawo ba. Mu masu saye kuma mu tuna, sayen nagari mai da kuɗi gida.