Yaƙin Darɓa da Waken Soya

Duk wanda ya taɓa noman wake ko gyaɗa ya san darɓa. 'Yan ƙananan ƙwari ne masu taruwa a bayan ganye suna tsotse ruwan shuka, su bar danƙo a kai. Dattawanmu ba su manta da shekarar 1975 ba, sa'ad da darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa a arewacin Nijeriya, gonaki suka lalace. To, waken soya ma, wanda muke yin awara da daddawa da shi, yana da tasa darɓar. Bari mu ga yadda aka yi fama da ita a Amurka, gama akwai abin koyo.

Asalin wannan darɓa daga Asiya ne. A shekarar 2000 aka fara ganinta a Amurka, a jihar Wiskonsin. Cikin 'yan shekaru ta bazu a jihohin da ake noman waken soya. Abin da ya sa take yawa da sauri shi ne, a lokacin noma macen ba ta bukatar namiji, ba ta kuwa yin ƙwai. Haihuwa take yi, 'ya'yan kuma su soma tasu haihuwar cikin mako guda ko makamancin haka. In an bar ta, takan cinye har kashi 40 cikin 100 na amfanin gona.

Da fari manoma sun dogara ga feshi. Amma magani yana da tsada, yana kuma kashe ƙwarin da ke cin darɓar. Saboda haka masana a Jami'ar Ilinoi suka bi wata hanya. Suka shuka iri-iri na waken soya fiye da 1,500, suka sa musu darɓa, suka zuba ido. A 2004 suka ba da labari cewa akwai waɗanda darɓa ba ta yin ƙarfi a kansu. Ɗaya daga ciki wani tsohon iri ne mai suna Dowling. Ƙwayar gādon da ke ba shi wannan ƙarfi suka sa mata suna Rag1.

Yaya ake sa wannan hali cikin iri mai kyau? Akan ɗauki garin furen mai jurewa, a sa a furen mai yawan 'ya'ya. Cikin abin da ya fito, a zaɓi masu jurewa, a sāke haɗa su da mai yawan 'ya'yan. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru. A 2010 sabon irin ya shiga kasuwa.

Amma fa in maharbi ya koyi harbi, tsuntsu ma yakan koyi kauce wa kibiya. Tun kafin irin ya kai hannun manoma, aka sami wata darɓa a jihar Ohayo wadda Rag1 ba ya hana ta. Masana suka haɗa Rag1 da wata ƙwayar, Rag2, cikin iri ɗaya, ya fi ƙarfi. Duk da haka daga baya aka sami wadda ke cin wannan ma. A 2015 kuma aka ga darɓar da wani maganin feshi ya daina kashewa a jihar Minesota. Shi ya sa ake gargaɗin manoman can kada su yi feshi sai sun ƙirga darɓa wajen 250 a kan kowace shuka, tana kuma ƙaruwa.

Mene ne namu a ciki? Na fari, kada mu rena tsohon irin da iyayenmu suka bar mana, gama daga tsohon iri taimako ya fito. Na biyu, mu nemi ingantaccen iri daga wurin malaman gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da gyaɗa mai jure kuturta, cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta fitar da waken soya mai jure cutar tsatsa. Na uku, kowane mako mu shiga gona tare da yaranmu, mu juya ganye mu duba kafin mu kashe kuɗi a kan magani.