Hukuncin ƙara wa injin mota ƙarfi da canja mata kayan da ba na kamfani ba

Tambaya

Ina da mota mai turbo wadda ban canja mata komai ba sai tayoyi. Wani makanike ya ce zai iya sake saita kwamfutar injin ya ƙara mata ƙarfi, ya sa mata babbar salansa, ya cire abin tace hayaƙi. Mahaifina ya ce wannan almubazzaranci ne, wani abokina kuma ya ce canja halitta ne. Mene ne hukuncinsa? Idan na tashi sayar da motar, wajibi ne in faɗa wa mai saye abin da aka yi mata?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Na farko: asalin hukuncin

Mota dukiya ce, kuma asali a al'amuran rayuwa shi ne halacci har sai an sami dalilin hani. Don haka mai mota yana da ikon gyara ta, ya ƙawata ta, ya inganta aikinta. Hanin canja halittar Allah da ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 119 bai shafi wannan ba, domin malaman tafsiri sun fassara shi da canja addini da fiɗira, ko taɓa jikin mutum da na dabba ba da haƙƙi ba. Mota kuwa ƙirar hannun ɗan Adam ce.

Ƙara wa abin hawa ƙarfi ma yana da asali a Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (Allah Ya yarda da su) cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya sa an yi tsere da dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su zango mafi gajarta. Horon shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci a lulluɓe shi ya yi gumi, sai jikinsa ya ɗaure ya ƙara juriya. Sai dai a lura: an keɓe wa tseren wuri, an san farkonsa da ƙarshensa, ba a yi shi a tsakiyar kasuwa ba.

Na biyu: me ake yi wa motar?

Hukunci a kan abu yana bin fahimtarsa ne. Kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, ita ce ke auna yawan man da ake fesawa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, da yawan iskar da turbo zai tura. Kamfani kan bar rata tsakanin abin da injin zai iya da abin da aka saita masa, saboda zafin gari da bambancin mai da tsawon rai. Mai saiti wannan ratar yake cinyewa. Injin da ke da turbo kan sami ƙarin ƙarfi sosai ta wannan hanya, wanda ba shi da turbo kuwa ɗan kaɗan yake samu.

Ƙarin ƙarfi yana zuwa da ƙarin zafi da matsi. Idan man da ake sha bai kai ingancin da sabon saitin ke buƙata ba, wani ɓangarensa kan fashe da kansa a cikin silinda ba bisa tsari ba, kuma wannan yana iya lalata fistin. Kuloci da giya da lagireto duk an ƙera su ne daidai da ƙarfin asali. Mafi muhimmanci shi ne birki: idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka kusan sau huɗu. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar birki da taya yadda suke ya fara aikin ta baibai.

Na uku: sharuɗɗan halacci

1. Kada ya cutar da kansa ko waninsa. Allah Ya hana mutum jefa kansa cikin halaka a Suratul Baƙara aya ta 195, kuma hana cuta da cutarwa ƙa'ida ce babba da ta zo a hadisin da Malik da Ibn Majah suka ruwaito. Saboda haka abin da ke ƙara aminci, kamar birki mai kyau da taya mai riƙe ƙasa da fitila madaidaiciya, halal ne, har abin so ne. Ƙara ƙarfi don a iya ɗaukar kaya ko wuce babbar mota cikin natsuwa shi ma ba laifi, muddin ƙwararre ne ya yi, kuma sauran sassan motar za su iya ɗauka. Amma yin haka don tsere a titin jama'a, ko wasa da mota a wajen biki da ranar Salla, haramun ne, domin ganganci ne da rayukan mutane. Idan kuma aka haɗa da zuba kuɗi wanda ya yi nasara ya kwashe, to caca ta shigo.

2. Kada ya takura wa jama'a. Salansa mai ƙara da ke tayar da marar lafiya da jinjiri, ta dami masu salla, cutar da maƙwabci ce, kuma Musulunci ya tsananta a kan haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya. Haka nan cire abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, wanda wasu makanikai ke kira indomi. Aikinsa shi ne mayar da iskar guba da ke fita daga inji zuwa mai sauƙin illa. Wanda ya cire shi ya sami ɗan ƙarfi kaɗan, ya bar wa masu talla a bakin titi da 'yan makaranta da na bayansa a cunkoso shaƙar gubar. Wannan bai halatta ba.

3. Kada ya saɓa wa dokar hanya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a Brunei a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin tuƙi da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da suka tsara don maslahar jama'a. Dokoki sun bambanta: a Amurka dokar tsaftar iska ta hana taɓa kayan tace hayaƙi a motar da ke hawa titi, a Jamus kuma manyan canje-canje sai an duba an amince. A Najeriya iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 100 a babbar hanya mai tagwayen hannu, kuma motarka ta riga ta iya wuce wannan tun daga kamfani. Sai ka tambayi kanka inda za ka yi amfani da ƙarin.

4. Kada ya zama almubazzaranci ko alfahari. Allah Ya yabi bayinSa a Suratul Furƙan aya ta 67 da tsaka-tsaki wajen ciyarwa, Ya zargi masu almubazzaranci a Suratul Isra'i aya ta 26 da 27. Ma'aunin yana bin halin mutum. Mai wadata da ya sauke haƙƙin iyalinsa da zakkarsa ba a hana shi jin daɗin halal. Wanda kuwa ake binsa bashi, ko gidansa ba cefane, ko zai ci bashin riba don sayen kayan, ya fifita sha'awa a kan wajibi. A lissafa har da abin da zai biyo baya: ƙarin shan mai idan ana taka ta, yawan juyen baƙin mai, da gyaran da ba a shirya masa ba.

Na huɗu: gaskiya wajen sayarwa

Wajibi ne ka faɗa. Saitin kwamfuta ba ya ganuwa da ido, kuma yana shafar daraja da lafiyar inji, don haka ɓoye shi algus ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi) cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya tsawatar masa a kan me ya sa bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Mai sayen da aka ɓoye wa aibi yana da zaɓin mayar da kaya. Haka nan bai halatta ka mayar da saitin asali a ɓoye ka kai wa kamfani motar su gyara a ƙarƙashin garanti ba, alhali canjinka ne ya lalata ta. Makanike ma amana ce a wuyansa ya faɗa maka illar aikin kafin ya fara, kuma kada ya karɓi aikin da ya san don ganganci ake nemansa.

Na biyar: maganar mahaifinka

Idan dukiyar taka ce kuma kai mai hankali ne da ya san ciwon kansa, tasarrufi a cikinta haƙƙinka ne. Amma wannan aiki mubahi ne, biyayya ga mahaifi a abin da ba saɓo ba kuwa ibada ce, musamman idan tsoro yake ji maka. Ka zauna da shi cikin ladabi ka bayyana masa abin da kake nufi. Idan ransa bai kwanta ba, barin abin ya fi maka alheri.

Shawararmu ita ce ka bar abin tace hayaƙi a wurinsa, ka haƙura da salansa mai ƙara, ka fara da birki da taya da gyara a kan lokaci. In har akwai buƙata ta gaskiya bayan haka, kuma sharuɗɗan nan sun cika, to saita injin a wurin ƙwararre ba laifi ba ne.

Allah ne Mafi sani.